Tarihin Rayuwar Gustave Eiffel, Maginin Hasumiyar Paris (1832–1923)

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton birnin Paris na ƙasar Faransa, ko a littafi ko a talabijin ko a jikin kalanda, da wuya a ce idonsa bai faɗa a kan wata doguwar hasumiya ta ƙarfe mai ƙafafu huɗu ba, wadda ta buɗe daga ƙasa, ta yi ta tsukewa har ta ƙare da tsini a sama. Wannan ita ce Hasumiyar Eiffel, ɗaya daga cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi ziyarta a nahiyar Turai. Sai dai da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto a gindinta ba su san cewa an yi ta ne da nufin ta yi shekara 20 kacal ba, kuma ba su san cewa mai sunanta ya taɓa tsayawa gaban alƙali har aka yanke masa hukuncin ɗauri ba. Wannan babi zai kawo tarihin wannan mutum, tun daga haihuwarsa da karatunsa, zuwa manyan ayyukansa, da jarrabawar da ta same shi, da kuma yadda ya ƙare rayuwarsa.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alexandre Gustave Eiffel ranar 15 ga watan Disamba, 1832, a garin Dijon da ke gabashin Faransa. Kakanninsa na wajen uba daga ƙasar Jamus suka yi ƙaura zuwa Paris a farkon ƙarni na 18. Sunan zuriyarsu na asali shi ne Bönickhausen, amma da suka zauna cikin Faransawa sai suka riƙa amsa sunan Eiffel, wanda suka samo daga sunan yankin tsaunukan Eifel da suka fito. Mahaifinsa tsohon soja ne da ya koma aikin ofis a rundunar soja. Mahaifiyarsa kuwa ita ce ƙashin bayan arzikin gidan, domin babbar 'yar kasuwa ce mai fataucin gawayi da kwal a lokacin da masana'antu ke bunƙasa. Saboda hidimar kasuwancinta, wani ɓangare na ƙuruciyar Gustave a hannun kakarsa ya yi shi.

A makarantar sakandare ta Dijon, Gustave bai kasance cikin ɗaliban da ake nunawa da yatsa don ƙwazo ba. Darussan aji gundurarsa suke yi, yana ganinsu a matsayin ɓata lokaci. Sai a shekaru biyu na ƙarshe ne malamansa na tarihi da na adabi suka jawo hankalinsa, ya duƙufa ga karatu, har ya ci jarrabawar kammala sakandare a ɓangaren kimiyya da na adabi duka. A wajen makaranta kuma, wani kawunsa mai suna Jean-Baptiste Mollerat, wanda ke da masana'antar ruwan khal a kusa da Dijon, ya riƙa jansa a jiki yana koya masa sirrin haɗa sinadarai.

3.0 Karatunsa da Fara Aikinsa

Daga Dijon sai ya wuce Paris da burin shiga École Polytechnique, makarantar da ta fi kowace daraja wajen horar da injiniyoyi a Faransa. Bai samu shiga ba. Maimakon ya karaya, sai ya shiga wata makarantar mai suna École Centrale, inda ya karanci ilimin sinadarai, ya kammala a shekarar 1855. Shirinsa shi ne ya koma ya yi aiki a masana'antar kawunsa, amma saɓanin da ya shiga tsakanin dangin ya rushe wannan shiri. Ashe wani hani ga Allah baiwa ne, domin rufewar wannan ƙofa ce ta kai shi ga aikin ƙarfe.

A shekarar 1856 ya kama aiki da wani injiniyan jiragen ƙasa mai suna Charles Nepveu. Zamanin kuwa na shimfiɗa layin dogo ne a Turai, kuma duk inda dogo ya ci karo da kogi ko kwazazzabo, dole a yi gada. A shekarar 1858, yana da shekara 25, aka ɗora masa kula da ginin gadar jirgin ƙasa mai tsawon kimanin mita 500 a kan kogin Garonne a birnin Bordeaux. A nan ya ƙware da dabarar kafa ginshiƙai a cikin ruwa, inda ake nutsa manyan bututun ƙarfe a cusa musu iska mai ƙarfi ta kore ruwan, ma'aikata su samu damar haƙa a ƙasan kogi. A wurin wannan aiki ne wani lebura ya faɗa kogin, Eiffel ya yi tsalle ya bi shi ya tsamo shi. An kammala gadar a shekarar 1860, sunansa ya fara fitowa.

Ya yi aure a shekarar 1862 da Marie Gaudelet, 'yar garinsu, suka haifi 'ya'ya biyar. Matar ta rasu a shekarar 1877, kuma bai sake aure ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Babbar 'yarsa, Claire, ita ta riƙe masa gida tun tana budurwa.

4.0 Kafa Kamfaninsa da Manyan Ayyukansa

A shekarar 1866 Eiffel ya kafa tasa maƙerar a Levallois-Perret, wata unguwa a gefen Paris. Tsarin aikinsa shi ne a zauna a yi lissafi a zana kowane yanki na ƙarfe a takarda, a yanka shi a huda shi a maƙera daidai da awo, sannan a kai shi wurin gini a haɗa. Ta haka aiki ke sauri, kuɗi su ragu, kuskure ya yi ƙaranci. Cikin shekara 20 kamfanin ya yi ayyuka a ƙasashe da dama. Daga cikin waɗanda har yau matafiya ke zuwa kallo akwai:

(a) Tashar jirgin ƙasa ta yamma a birnin Budapest na ƙasar Hangari, wadda aka buɗe a shekarar 1877.

(b) Gadar Maria Pia a kan kogin Douro a birnin Porto na ƙasar Fotugal, ita ma a 1877, wadda ya yi tare da abokin aikinsa Théophile Seyrig. Baka guda ne na ƙarfe, mai siffar bakan gizo, ya tsallake kogin da faɗin mita 160, kuma a lokacin babu bakan gada da ya kai shi faɗi a duniya.

(c) Gadar Garabit a tsakiyar kudancin Faransa, wadda aka gama gininta a shekarar 1884. Faɗin bakanta mita 165 ne, kuma jirgin ƙasa na bi ta kanta a tsayin mita 122 daga saman kogin Truyère.

(d) Ƙashin cikin mutum-mutumin 'Yanci da ke bakin tekun New York a Amurka. Mai sassaƙa Bartholdi ne ya tsara siffarsa ta waje da fallayen jan ƙarfe marasa kauri, kamfanin Eiffel kuma ya ƙera ginshiƙi da haƙarƙarin ƙarfe da ke riƙe da fallayen, ta yadda za su ɗan motsa idan iska ta kaɗa ko zafi ya sauya ba tare da sun tsage ba. An buɗe shi a shekarar 1886.

Abin lura a duk waɗannan ayyuka shi ne, babban abokin gabar dogon gini ba nauyinsa ba ne kawai, iska ce. Don haka Eiffel ya fi son saƙar ƙarfe mai rariya, wadda iska za ta ratsa ta wuce, maimakon bango toshe da zai tare ta. Wannan darasi da ya koya a gadoji shi ya ɗauka ya kai wa hasumiya.

5.0 Ginin Hasumiya

5.1 Mafarin Shawarar

Gwamnatin Faransa ta shirya gagarumin baje kolin duniya a Paris a shekarar 1889, domin cikar shekara 100 da juyin juya halin ƙasar na 1789. Ana buƙatar wani gini na ban mamaki da zai zama ƙofar shiga filin baje kolin. Adalci ne a faɗa cewa ba Eiffel ne ya fara kawo shawarar hasumiyar ba. Injiniyoyi biyu na kamfaninsa, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, su suka fara zana ta a shekarar 1884, kuma da farko maigidan nasu bai nuna sha'awa sosai ba. Sai da mai tsara gine-gine Stephen Sauvestre ya ƙawata zanen, ya ƙara masa manyan bakuna huɗu a tsakanin ƙafafu, sannan Eiffel ya karɓi shawarar, ya sayi haƙƙin mallakarta daga hannun injiniyoyin biyu, ya shiga fafutukar ganin ta tabbata.

A gasar da aka yi a shekarar 1886 an gabatar da zane sama da 100, nasu ya yi nasara. An sa hannu a yarjejeniya ranar 8 ga watan Janairu, 1887. An ƙiyasta aikin zai ci faran miliyan 6 da rabi, a kuɗin Faransa na wancan zamani, amma hukuma miliyan 1 da rabi kawai ta bayar. Sauran kuɗin Eiffel ne zai nemo, a madadin haka kuma a bar masa kuɗin shigar hasumiyar na shekara 20. Ma'ana, da aikin ya lalace, da dukiyarsa da sunansa sun tafi tare.

5.2 Adawar da Ya Fuskanta

An fara haƙa harsashi ranar 28 ga watan Janairu, 1887. Ba a yi wata guda ba sai wasu fitattun marubuta da mawaƙa da masu zane suka buga takardar ƙorafi a jaridar Le Temps, ranar 14 ga watan Fabrairu. Cikin waɗanda suka sa hannu akwai marubucin nan Guy de Maupassant, da mawaƙi Charles Gounod, da Charles Garnier wanda ya gina babban gidan wasan waƙe na Paris. A ganinsu, wannan tsibin baƙin ƙarfe mummuna ne, ba shi da amfani, kuma zai danne tsofaffin gine-ginen dutse da birnin ke alfahari da su. Wasu mazauna unguwar ma sun kai ƙara kotu don tsoron kada hasumiyar ta faɗo kan gidajensu. Eiffel ya mayar da martani cewa ginin da aka yi bisa lissafin ƙarfin iska yana da irin nasa kyau, ya kuma ɗauki alhakin duk wata ɓarna da aikin zai jawo, ya ci gaba da aikinsa.

5.3 Yadda Aka Yi Aikin

An yi zane sama da 5,000 kafin a haɗa hasumiyar. An ƙera yankunan ƙarfe 18,038 a maƙerar Levallois-Perret, aka riƙa kawo su a kekunan doki. Nauyin ƙarfen ya kai tan 7,300, an kuma ɗaure shi da ƙusoshi miliyan 2 da rabi. Kowace ƙusa da aka kafa a wurin ginin mutum huɗu take ci: ɗaya ya gasa ta a wuta ta yi ja, ɗaya ya riƙe ta a rami, ɗaya ya daidaita mata kai, na huɗu ya doke ta da guduma. Idan ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu gam. Ma'aikatan da ke wurin ba su wuce 150 zuwa 300 ba a lokaci guda.

Mafi wuyar aikin shi ne haɗa ƙafafun nan huɗu, waɗanda kowace ta taso a karkace daga nata harsashin, su haɗu daidai a bene na farko mai tsayin mita 57. An tallafe su da katako da akwatunan yashi, aka kuma sa na'urorin ɗaga nauyi a gindinsu. Idan ana son ƙafa ta sauko kaɗan sai a zare yashi, idan ana son ta ɗago sai a tura na'ura. A watan Disamba na 1887 ƙafafun suka haɗu. Aikin bai rasa tangarɗa ba, domin a shekarar 1888 ma'aikata sun yi yajin aiki a kan ƙarin albashi, ganin sanyi da haɗarin da ke ƙaruwa yayin da ginin ke yin sama.

Ranar 31 ga watan Maris, 1889, bayan kimanin shekara 2 da wata 2, aka kammala. Da yake na'urorin hawa ba su fara aiki ba, Eiffel, yana da shekara 56, ya jagoranci wasu manyan baƙi suka taka matakala 1,710 da ƙafa, ya kafa tutar Faransa a ƙololuwa. Tsayin hasumiyar mita 300 ne, ya kai 312 idan an haɗa da sandar tuta. Kafin wannan rana, hasumiyar tunawa da Washington a Amurka, mai mita 169, ita ce gini mafi tsawo a duniya. Hasumiyar Eiffel ta riƙe wannan kambu har shekarar 1930, lokacin da aka gama benen Chrysler a New York. A watannin baje kolin kaɗai, mutum kusan miliyan 2 suka hau ta, kuɗin shigarsu kuma ya mayar da mafi yawan abin da aka kashe. A jikin bene na farko Eiffel ya sa an rubuta sunayen masana kimiyya da injiniyoyi 72 na Faransa, don girmama waɗanda ilminsu ya share masa hanya.

6.0 Badaƙalar Panama

Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Tun ana tsakiyar ginin hasumiya, a ƙarshen shekarar 1887, Eiffel ya karɓi wata kwangila da ta fi duk waɗanda ya taɓa yi girma. Ferdinand de Lesseps, wanda ya jagoranci haƙa mashigin ruwan Suez a Masar, ya kafa kamfani don haƙa irinsa a Panama. Ya nace a kan a yanka ƙasa har ta yi daidai da teku, amma tuddai da zaftarewar ƙasa da zazzaɓin cizon sauro da shawara suka ci ƙarfin aikin, dubban ma'aikata suka mutu. Da abin ya gagara, sai aka koma ga dabarar ƙofofin ruwa, wato manyan dakuna da ake cikawa ko a rage musu ruwa don jirgi ya hau tudu ko ya sauka kamar mai taka matakala. Eiffel aka ba aikin ƙera su, a kan faran miliyan 125.

Ba a je ko'ina ba kamfanin Panama ya karye, aka rushe shi a farkon shekarar 1889. Dubban ɗaruruwan Faransawa, cikinsu har da masu ƙaramin ƙarfi da suka zuba ɗan abin da suka tara, suka yi asara. Daga baya ta bayyana cewa an ba 'yan majalisa da 'yan jarida cin hanci don a rufe gaskiyar halin da kamfanin ke ciki. Eiffel ɗan kwangila ne, ba ya cikin shugabannin kamfanin, amma ya karɓi kuɗi masu yawa a kan aikin da ba a gama ba, don haka aka haɗa da shi a shari'a. A watan Fabrairu na 1893 kotu ta same shi da laifin cin amana, ta yanke masa ɗaurin shekara 2 da tarar faran 20,000. A watan Yuni na wannan shekara babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa wa'adin da doka ta ba da na shigar da ƙarar ya wuce. Ya kuɓuta daga kurkuku, amma tabon ya zauna. Ya sauka daga shugabancin kamfaninsa, aka cire sunansa daga sunan kamfanin, Koechlin ya karɓi ragama. Amurkawa ne suka gama mashigin Panama a shekarar 1914, kuma da dabarar ƙofofin ruwan suka yi shi.

7.0 Komawarsa ga Binciken Kimiyya

Yana da shekara 60 ya bar kwangila, ya buɗe sabon babi da ya ɗauke shi shekara 30. Babbar damuwarsa ita ce wa'adin hasumiya zai cika a ƙarshen shekarar 1909, ta koma hannun hukumar birnin Paris, kuma akwai masu son a kwance ta. Ya fahimci cewa ba za a bar ta don kyau kawai ba, sai in an ga amfaninta. Don haka ya mayar da ita ɗakin gwaji. Ya kafa na'urorin auna yanayi a samanta. Ya riƙa sakin abubuwa masu siffofi dabam-dabam daga bene na biyu, suna zamewa a jikin waya, don auna yadda iska ke tare abu mai gudu. A shekarar 1909 ya gina bututun gwajin iska a gindin hasumiyar, sannan a 1912 ya gina wanda ya fi shi girma a unguwar Auteuil, inda aka gwada fukafukai da farfelolin jiragen sama na farko. Saboda wannan bincike wata cibiyar kimiyya ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Langley a shekarar 1913.

Abin da ya ceci hasumiyar kai tsaye shi ne aika saƙo ta iska. A shekarar 1898 Eugène Ducretet ya yi nasarar aika saƙo ba tare da waya ba tsakanin hasumiyar da ginin Panthéon, tazarar kilomita 4. Daga 1903 Eiffel ya ba wani hafsan soja, Kyaftin Gustave Ferrié, wuri a hasumiyar, ya kuma ɗauki nauyin gwaje-gwajensa da kuɗin aljihunsa. Da sojoji suka ga saƙonninsu na kaiwa nesa, sai maganar rushewa ta mutu. Ranar 1 ga watan Janairu, 1910, aka sabunta yarjejeniyar zuwa wasu shekaru 70. A Yaƙin Duniya na Ɗaya tashar da ke hasumiyar ta yi amfani wajen sauraren saƙonnin abokan gaba.

8.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

Gustave Eiffel ya rasu a gidansa da ke Paris ranar 27 ga watan Disamba, 1923, yana da shekara 91. An binne shi a maƙabartar Levallois-Perret, unguwar da ya kafa maƙerarsa.

Hasumiyar da aka yi wa wa'adin shekara 20 ta haura shekara 130 a tsaye. Eriyoyin rediyo da talabijin da aka ƙara mata sun kai tsayinta mita 330 a shekarar 2022. Ana sake mata fenti kusan duk bayan shekara 7, da fenti mai nauyin tan 60, domin shi Eiffel da kansa ya jaddada cewa fenti ne kariyarta daga tsatsa. A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sa gaɓar kogin Seine, har da hasumiyar, cikin wuraren tarihi na duniya. A shekarar 2017 aka yi bikin cikar maziyartanta miliyan 300. A gasar Olamfik ta Paris ta 2024 kuwa, kowace lambar yabo na ɗauke da ɗan guntun ƙarfen da aka ciro daga jikinta lokacin gyare-gyare.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda yaron da aji ya gundura, wanda kuma bai samu makarantar da ya fi so ba, ya zama injiniyan da gadojinsa da hasumiyarsa ke jawo matafiya zuwa Paris da Porto da Garabit. An ga cewa aikin da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya na hannu da yawa ne, daga masu zane har masu dukan ƙusa. An kuma ga cewa ɗaukaka ba ta hana mutum faɗawa cikin abin da zai zubar masa da mutunci ba. Ga ɗalibin da ke shirin riƙe alli, abin tunawa shi ne malaman tarihi da adabi ne suka fara farkar da wannan injiniya, a shekaru biyun ƙarshe na zamansa a makaranta, lokacin da wani malamin da tuni ya fid da rai da shi.

10.0 Tambayoyin Bita

1. Bayyana rawar da mahaifiyar Eiffel da kawunsa da malamansa suka taka a ƙuruciyarsa.

2. Kawo ayyuka uku da kamfanin Eiffel ya yi kafin ginin hasumiya, tare da ƙasashen da suke.

3. Waɗanne dalilai masu adawa da hasumiyar suka kawo, kuma ta yaya aka kuɓutar da ita daga rushewa?

4. Tattauna matsayin Eiffel a badaƙalar Panama, ka bambanta tsakanin soke hukunci da wanke suna.

5. Bi tsarin wannan babi ka rubuta tarihin wani shahararren magini ko maƙeri na garinku da ya daɗe da rasuwa.